Daga Bangui zuwa Assamaka: Wa ke sauraron wanda aka hana mafaka kafin a ɗora shi a mota?

Garin Bangui na gundumar Madaoua, a jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar, suna kawai ya haɗa shi da babban birnin Afirka ta Tsakiya. Ƙaramar hukuma ce ta manoma da makiyaya da ke jingine da iyakar jihar Sakkwato, kuma a 'yan shekarun nan ta zama masaukin dubban mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, musamman daga yankin Sabon Birni. Akasarinsu mata ne da yara. Hausa suke yi, Hausa aka karɓe su da ita, wasu ma a gidajen dangi suka fara sauka, domin tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyakar a farkon ƙarnin da ya gabata, ƙasar Gobir ɗaya ce.

Arewa da Madaoua kuwa, a kan tuddan Adar, labarin Bouza da Keita na fita ne. Daga Tamaske, Ibohamane, Garhanga, Karofane da Tabotaki, samari sun daɗe suna barin gida bayan girbi zuwa Najeriya, Abijan, Libiya da Aljeriya, wasu kuma suna zarcewa har tsallaken Bahar Rum.

Waɗanda suka shigo da waɗanda suka fita suna da tambaya ɗaya a gabansu, ko da ba su taɓa furta ta ba: idan wata hukuma ta ce ba ta yarda da labarinka ba, ka koma inda ka fito, akwai alƙalin da zai duba wannan hukunci kafin a aiwatar da shi? A kan takarda amsar ita ce akwai. A aikace, tazarar da ke tsakanin mutum da wannan alƙali ita ce ke raba wanda zai tsira da wanda za a mayar.

Sa hannu ɗaya, kariya ga dubbai

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan magana tsohuwa ce. Sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Geneva ta 1951 ya hana kowace ƙasa tisa ƙeyar ɗan gudun hijira zuwa inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari. Sai dai yarjejeniyar ta taƙaita waye ɗan gudun hijira: wanda ake farauta saboda ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Matar da aka ƙona wa rumbu a wani ƙauyen Sabon Birni, aka sace mata shanu, aka ɗora wa garinsu harajin da ba za su iya biya ba, da wuya ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan layuka biyar. Ba don addininta aka kore ta ba. An kore ta ne don tana wurin.

A nan Afirka ta yi wa kanta gyara. Yarjejeniyar da tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da ita a Addis Ababa ranar 10 ga Satumba 1969 ta faɗaɗa ma'anar, ta haɗa da duk wanda ya gudu saboda abubuwan da suka dagula zaman lafiyar jama'a ƙwarai a wani ɓangare na ƙasarsa ko a ƙasar baki ɗaya. Nijar tana cikin yarjejeniyoyin biyu, kuma ta kafa nata tsarin a cikin doka mai lamba 97-016 ta 20 ga Yuni 1997 kan matsayin 'yan gudun hijira.

Lokacin da mutane suka fara kwarara zuwa jihar Maraɗi a 2019, sannan zuwa kudancin Tahoua, ba a zaunar da su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyin ƙwaƙƙwafi ba. A 2020 gwamnatin Nijar ta amince da masu gudun rikicin jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina a dunƙule: idan an tabbatar daga can ka fito kuma an yi maka rajista, kai ɗan gudun hijira ne, ba sai ka kawo hujjar cewa kai ɗin nan ake nema ba. An yi hakan ne a daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a shekarar da hare-haren ƙarshen watan Mayu suka hallaka mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni.

Wannan abin a yaba ne, kuma ƙasashe masu arziki da yawa ba su yi kamarsa ba. Amma yana da kyau a lura da abin da kariyar ta dogara a kai. Matakin gwamnati ne, sa hannun minista. Abin da sa hannu ya bayar, sa hannu na iya taƙaita shi. Kuma ko yana nan daram, akwai waɗanda ba ya rufewa: wanda ya fito daga wata jiha ko wata ƙasa da ba a ambata ba, wanda bai samu rajista ba, da wanda ake zargi yana da hannu a rikicin. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne mafi sarƙaƙiya. A rikicin da 'yan sa-kai suka sha kashe Fulani bisa zargi kawai, makiyayin da ya tsallako da iyalinsa don gudun 'yan sa-kai na iya tarar da zargin ya riga shi isowa. Doka ta yarda a hana mai ɗauke da makami ko mai babban laifi matsayin ɗan gudun hijira. Tambayar ita ce waye zai tantance, kuma wa zai duba aikin mai tantancewar.

Hanyar da ta ƙare a Yamai

Wanda bai shiga cikin amincewar dunƙule ba, fayil ɗinsa yana zuwa gaban hukumar tantance masu neman mafaka ta ƙasa, wadda aka fi sani da CNE, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ke zama a matsayin 'yar kallo. Idan an ƙi, akwai kwamiti na biyu da ake kai wa kuka don ya sake duba fayil ɗin. Shi ma wannan kwamiti na gwamnati ne, wato har yanzu magana ba ta fita daga gidan da ya yanke hukuncin farko ba.

Sai a mataki na uku ne alƙali ke shigowa, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Ba sabuwar shari'a ake buɗewa ba. A irin wannan ƙara, wadda Nijar ta gada daga tsarin shari'ar mulki na Faransa, alƙali ba ya tambayar ko labarin mutumin gaskiya ne. Aikin hukuma yake dubawa. Shin wanda ya sa hannu yana da hurumin sa hannu? An bi matakan da doka ta shimfiɗa? An ba mutumin damar yin bayani? An fassara dokar daidai, ko an auna shi da ma'aunin 1951 kaɗai aka manta da na 1969? Idan alƙali ya ga karkata, yana soke hukuncin, fayil ya koma hannun hukuma ta sake aiki. Nasara a kotu ba takardar zama ba ce, dama ce ta biyu.

Wani zai ce wannan kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne ga wanda aka yi wa tambayoyi ta bakin tafintan da bai fahimci karin harshensa ba, ko wanda aka rubuta sunan ƙauyensa ba daidai ba har aka ce babu irin wannan gari.

Matsalar ita ce isa wurin. Madaoua, Bouza da Keita kowacce tana da ƙaramar kotunta, amma ƙarar da ke ƙalubalantar matakin minista ba a can ake jin ta ba. A da Majalisar Shari'ar Mulki ce a Yamai ke da wannan hurumi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da dakatar da tsarin mulki, sojoji sun kafa Kotun Ƙasa a ƙarshen wannan shekara, ta haɗe aikin majalisar da na kotun ƙoli. Ita ce kotun da ta cire wa hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum rigar kariya a watan Yunin 2024. Daga Madaoua zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke. Akwai hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, ANAJJ, da aka kafa bisa dokar 2011, amma mutumin da ke kwana ƙarƙashin tamfol sai ya fara sanin tana nan kafin ya neme ta. Kuma duk da cewa kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun hukuma da na kotu da Faransanci ake rubuta su.

Akwai kuma abin da ya fi nisa muni. A wannan tsarin shari'a, ƙa'ida ita ce shigar da ƙara kaɗai ba ya dakatar da aiwatar da matakin hukuma, sai an nemi dakatarwar daban an kuma samu. Idan mota ta riga alƙali, hukuncin da zai zo daga baya ba zai dawo da kowa ba.

Ba zato ba ne, ya faru. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga a tafkin Chadi ranar 25 ga Afrilu 2015, hukumomi sun umarci a fice daga tsibiran, aka kuma kwashi dubban 'yan Najeriya a manyan motoci zuwa Geidam ta jihar Yobe, a tsakiyar yaƙin. A watan Mayun 2018 an kama 'yan Sudan a Agadez, aka kai sama da 100 daga cikinsu iyakar Libiya, ƙasar da suka gudo daga cikinta, matakin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi tir da shi. A duka lokutan biyu hujjar hukuma tsaro ce. Yarjejeniyar 1951 ta bar wata 'yar kafa ga ƙasar da ke ganin wani mutum barazana ne gare ta, amma a kan mutum guda da hujjarsa, ba a kan taron jama'a ba. Yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa ta 1984 kuwa, wadda Nijar ta shiga a 1998, ba ta bar kafa ko ɗaya ba: sashenta na 3 ya ce ba a mayar da kowa inda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi, ko waye shi.

Ƙofar Abuja

Mutanen jihar Tahoua sun fi kowa sanin amfanin kotun da ke wajen ƙasa. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni, ta yi ta faman kotunan cikin gida har ita ce aka ɗaure. Kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ce ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta jaka dubu goma, wato sefa miliyan 10. Abin da ya bambanta wannan kotu ta Abuja shi ne mutum na iya zuwa gabanta kai tsaye, ba sai ya ƙare da kotunan ƙasarsa ba.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Tun kafin nan ma, umarnin da kotun ta bayar a Disamban 2023 na a saki Bazoum bai samu biyayya ba. Muhawarar ficewar ta fi karkata ga kuɗi, kasuwanci da fasfo. Ba a cika maganar cewa talakan da hukuma ta zalunta ya rasa wani alƙali ba. A cikin watan na Janairun 2025 kuma Nijar ta fitar da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi, mai tanadin kora da ɗauri. Ga wanda ke da katin ɗan gudun hijira wannan ba abin tsoro ba ne. Ga wanda aka ƙi, ko wanda bai taɓa yin rajista ba saboda yana ganin gidan kawunsa ya zo, lissafin ya canza.

Ɗan Adar a gaban alƙalin Turai

Yanzu a juya ga waɗanda suka fita. Cin rani a Bouza da Keita ya girmi duk waɗannan dokoki. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar abinci ta FAO, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, domin maza suna wajen nema. Wannan tarihi abin alfahari ne a gida, amma a ofishin neman mafaka yana zama hujja a kan mai shi.

Jami'in da ke duba fayil a Faransa, Jamus ko Italiya yana da taswirar rikici a gabansa. Ya san Tillaberi da Diffa. Ya san arewacin Tahoua, inda aka kashe mutum 137 a yankin Tillia ranar 21 ga Maris 2021. A Faransa, kotun mafaka ta ƙasa, CNDA, ta yanke a 2021 cewa tashin hankalin Tillaberi ya kai matsayin da kasancewa farar hula a can kaɗai haɗari ne. Saurayin Keita ko Bouza kuwa, abin da ya kore shi sau da yawa fari ne, ƙarancin gona da bashi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin ma'anar ɗan gudun hijira. Ma'anar nan mai faɗi ta 1969 ba ta aiki a Turai. Ko da kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Janairun 2020, a shari'ar Ioane Teitiota na tsibirin Kiribati, cewa sauyin yanayi na iya kai wa matsayin da zai hana a mayar da mutum, shi Teitiota ɗin bai yi nasara ba.

Wannan ne ke jefa wasu cikin tarkon masu sayar da labari, waɗanda ke karɓar kuɗi su haddace wa mutum tarihin da ba nasa ba. Dabara ce mai kashe mai ita. Hira ta farko ita ce ginshiƙin fayil, kuma duk abin da aka faɗa a cikinta yana bin mutum har gaban alƙali. Wanda ya ari labarin Tillaberi ya kasa faɗin ranar cin kasuwar garin da ya ce nasa ne, ya zubar da amincinsa, har da na ɓangaren labarinsa da ke gaskiya, kamar azabar da ya sha a gidajen tsare mutane na Libiya.

Sai kuma wa'adi, wanda ya fi rashin hujja kayar da mutane. A Faransa wanda hukumar OFPRA ta ƙi yana da wata ɗaya ya kai ƙara CNDA, kuma ita wannan kotu tana da ikon ba da matsayin da kanta, ba soke hukunci kawai ba. A Jamus mako biyu ne, amma idan hukumar BAMF ta rubuta cewa buƙatar a fili take ba ta da tushe, mako ɗaya ne kacal, kuma sai an haɗa da roƙon gaggawa na a dakatar da kora. A Italiya kwana 30 ne, yana raguwa a shari'o'in gaggawa. Wasiƙar da ta je tsohon adireshi, ko ta kwana goma a aljihu ana neman mai karanta ta, ta isa ta rufe ƙofar.

Duk da haka kotunan nan sun taɓa tsayar da gwamnatoci masu ƙarfi. A ranar 23 ga Fabrairu 2012 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Italiya da laifi a shari'ar Hirsi Jamaa, kan mutanen da ta tare a teku ta mayar Libiya ba tare da sauraron ko ɗaya ba. A ranar 15 ga Nuwamba 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta haramta shirin tura masu neman mafaka Ruwanda, bisa dalilin cewa akwai haɗarin daga can a mayar da su inda suka gudo.

Amma yawancin 'yan Adar ba sa kaiwa Turai. A Libiya da Aljeriya suke tsayawa. Libiya ba ta cikin yarjejeniyar 1951. Aljeriya tana ciki, sai dai ba ta da cikakken tsarin neman mafaka na cikin gida, kuma kamen da ake yi a wuraren gini da unguwannin baƙi ba ya bi ta gaban alƙalin da zai saurari kowa shi kaɗai. 'Yan Nijar ana dawo da su a ayarin motoci bisa wata fahimta da ƙasashen biyu suka cimma a 2014. Sauran 'yan Afirka ana sauke su a wani wuri cikin hamada da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum sama da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai.

Ga ɗan Bouza da aka dawo da shi, asarar ta kuɗi ce da kayan da aka ƙwace, zai nemi motar Agadez, daga can ya gangaro gida. Amma a cikin taron da ke isa Assamaka akwai ɗan Darfur, akwai ɗan arewacin Mali, akwai ɗan Zamfara ko Sakkwato da garinsu ya zama kufai. Waɗannan ba su da gidan komawa. Idan sun nemi mafaka, fayil ɗin wanda amincewar dunƙule ba ta rufe ba zai bi hanyar nan ta CNE, da kwamitin sake dubawa, da kotun Yamai, wadda ke da nisan sama da kilomita 1,000 daga inda aka sauke shi.